Dutsen da Na Ɗauko Daga Randar Kifin Surukina

Tun ranar da na dawo Bungudu bakina bai huta ba. Duk wadda ta zo sannu da zuwa sai ta gyara zama ta ce, "To Malama Kulu, ba mu labari." Na ba da shi a tsakar gida, na ba da shi a gidan suna, na ba da shi a islamiyya har malaminmu ya yi gyaran murya. Abin da ya fi tsaya wa mutane a rai kuwa shi ne baƙin dutsen nan da ke kan tagata. Wai mutum ya je har Turkiyya, wasu na dawowa da abaya da darduma, ni na dawo da dutse. To ga shi na rubuta sau ɗaya. Shekara talatin na yi ina koya wa 'ya'yanku karatu a firamare, wadda ba ta iya ba ta ba ɗanta ya karanta mata.

Autata Saratu ce ta haihu a Istanbul, inda mijinta ke karatun kiwon kifi. Ɗan Gusau ne, yaron kirki, sai dai sunansa ba ya fita a bakina, kun san dalili. A wannan labari Mai Kifi zan riƙa ce masa. Sun samu ɗiya mace suka mayar da sunana, ga shi babu kowa nasu a can da zai yi wa Saratu wankan jego. Ƙanena Lawali da ke zuwa can sarin takalma ya ce in shirya mu tafi tare.

Na haɗa gero da kanwa da yajin jego, da daddawa da kuka da kilishi, da busasshen ganyen darbejiya na wanka. Malam, maigidana, ya tsaya yana kallon kayan ya ce, "Kulu, jego za ki ko shago za ki buɗe?" Na ce masa ai ba shi zai ɗauka ba.

Daga Bungudu zuwa Gusau babu labari. A tashar Gusau ne direba ya sunsuni jakata ya ce lallai sai dai ta hau bisa, don shi ba zai yi tuƙi har Abuja da daddawa a bayan wuyansa ba. Da muka iso Tsafe, yayar Malam, Gwaggo Ige, na tsaye bakin titi cikin rana tana jiranmu. Motar ba ta gama tsayawa ba ta cuso mini ƙullin leda ta taga.

"Ungo, ki kai ma ɗiyar nan," ta ce. "Ƙoƙon shan kunu ne da majanyi. Wanga majanyi saƙar hannu ce hwa, 'ya'ya tara na goya da shi, bai taɓa kwance mini ba."

Na karɓa ina cewa a raina, a ƙasar da ake tura jarirai a keke wa zai nemi majanyi. Muna barin Tsafe motar ta yi tsit. Kun san hanyar, ba sai na faɗa ba. Wani mai babbar murya da ya ishe mu da gardamar siyasa tun Gusau ya zaro carbi, ba mu ƙara jin bakinsa ba sai da muka ga Funtuwa.

Jirgi dai jirgi ne, an ɗaure ni a kujera an ba ni abinci ɗan mitsitsi a kwanon leda. Rigimar tana wurin sauka. Wani kare da jami'an filin jirgin ke ja ya bi jakunkunan mutane ɗaya bayan ɗaya, da ya zo tawa sai ya zauna ya ƙi tashi. Wata jami'a ta buɗe ƙullin daddawa, ta ja da baya taku uku tana toshe hanci. Kilishi suka ce nama ba ya shiga, suka jefa a kwandon shara, Lawali ya bi shi da kallo kamar an binne ɗan'uwansa. Ganyen darbejiya ma ya bi bayan kilishi. Kanwa suka juya ta, suka ƙwanƙwasa ta, suka kira wani babba. Da na ga abin zai yi tsawo sai na gutsura na sa a baki na nuna musu. Babban nasu ya ga haka, shi ma ya yi ƙarfin hali ya dangwali yajin jego ya lasa. Wayyo! Bawan Allah ya koma ja har kunnuwa, hawaye na zuba, ya yi mana nuni da hannu mu kwashe kayanmu mu ba shi wuri.

A waje Mai Kifi na jiranmu. Yana hango ni ya tuɓe takalmi ya durƙusa a tsakiyar jama'a, kansa a ƙasa, yana "Inna sannu da hanya." Wani dattijon Baturke ya zaci wani abu ne ya faɗi masa, shi ma ya sunkuya yana taya shi nema. Ni kuwa na ja mayafi na rufe fuska na amsa ina kallon wani gefe. Lawali ya raka mu gida ya wuce masaukin 'yan kasuwa.

Gidan nasu a hawa na biyar yake. Falo ɗaya, ɗaki ɗaya, sai kicin da banɗaki, duk ka haɗa bai kai zauren Malam ba. To ku auna kunyar suruki a irin wannan wuri. In na fito falo ya gudu baranda. In ya shigo shan ruwa na koma ɗaki. Ana sanyi mai shiga ƙashi, amma yaron nan a baranda yake cin abinci, a baranda yake karatu, har maƙwabta suka zaci sigari yake sha.

A falon ne na ga abin. Wani akwatin gilashi ne, tsawonsa ya kai kamu uku, cike da ruwa har baki, ni na sa masa suna randar gilashi. Ruwan ciki ya kai jarka takwas. An ɗora shi a kan wani dogon teburi mai siraran ƙafafu kamar na zalɓe. A ciki an jera baƙaƙen duwatsu ɗaya kan ɗaya sun yi tsiri, sai ka ce dutsen Kwatarkwashi. Ga fitila, ga wata na'ura na ta ɓulɓul, ga wayoyin wuta zube a ƙasa. Kifayen da ke ciki kuwa ja da shuɗi da rawaya, ko ɗan yatsa ba su kai ba.

Na ce wa Saratu, "Yaushe za su girma a ci?"

Ta ce, "Haba Inna! Na kallo ne. Kowane da sunansa."

Na ce, "Allah mai iko." A ƙasan wannan randa ne ake shimfiɗa wa takwarata bargo. Ko'ina aka kwantar da ita sai ta tsala ihu, amma da ta ji ɓulɓul ɗin nan sai barci. Ga ƙarfen ɗumama ɗaki a kusa, wurin da ɗumi. Ni ma kwanakin farko na yaba da dabarar.

Mutanen ƙasar ba laifi. Shayi suke sha a 'yan kofunan gilashi tun safe har yamma, ba madara. Burodinsu mai riɗi ya yi mini. Nono kuwa gishiri suke zuba masa, na kurɓa sau ɗaya na yi wa fura ta'aziyya. Kyanwa a garin nan ta fi wani mai sarautar daraja, ta kwanta a kan kujerar shago, mai shago ya tsaya a tsaye.

Ranar da na cika kwana huɗu na kunna gawayi na zuba turaren wuta, don ɗakin mai jego ba ya zama haka nan. Sai wani abu da ke manne a silin ya fasa ƙara kamar an taka wutsiyar akuya. Nan da nan aka hau bugun ƙofa. Wata tsohuwa ce maƙwabciyarmu, Fatma, da bokitin ruwa a hannu ta zo kashe gobara. Da ta ga kaskon turare ta yi dariya har ta zauna. Daga ranar muka ƙulla, ba ta jin Hausa, ba na jin nasu, sai bismilla da masha Allah da hannu.

Da na je nata ɗakin na lura da wani abu. Na dafa kabad ɗinta zan zauna, na ji shi ƙam, ashe an kafe shi da bango. Talabijin an ɗaure. Firij an ɗaure. Ƙofofin kabad na kwanuka duk da sakata. A bakin ƙofa ga jaka da ruwa da tocila da usur. Na tambaye ta da hannu, ɓarayi ne? Ta girgiza kai. Ta ɗora kofin shayi a tire ta jijjiga shi har ya kife, ta nuna ƙasa ta ce, "Zalzala."

Wannan kalma ba sai an fassara mini ba, tun ina allo na san ta. Girgizar ƙasa. Sannan ta ja hannuna har falonmu, ta nuna randar gilashi, ta nuna takwarata na barci a ƙasanta, ta tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi. Nan take na gane abin da take nufi. Mu a gida daga daji muke tsoron abu ya fito, su ashe nasu a ƙarƙashin ƙafa yake.

Na samu Saratu na ce a gaya wa mutumin nan ya ɗaure randarsa.

Ta ce, "Inna, na faɗa masa tuni. Ya ce gidan haya ne, sai ya nemi izinin huda bango. Kuma ai ƙanana ake yi, mun saba."

"To a ɗauke yarinya daga nan."

Muka ɗauke ta. Ta yi kuka har ta shiɗe, Saratu ta fara nata kukan, muka mayar da ita.

Da a ce ɗana ne da na kama kunnensa an gama. Amma suruki fa? Mutumin da ban taɓa haɗa ido da shi ba, in tare shi in ce kayanka za su kashe mini jika? Sai na bi ta hanyarmu ta mata. Da na ji motsinsa kusa da ƙofa na ɗauki takwara ina mata wasa da ƙarfi, "Ke takwara, ki gaya ma masu gida randa ba ta zama bisa ƙafar zalɓe. Ki ce a kafe ta da bango." Kafin in kai rabin magana na ji ƙofar baranda ta rufe. Yaron nan ladabi ya hana shi tsayawa inda ake jin muryata.

Da habaici ya ƙi, na koma aiki da hannu. Duk wadda ta taɓa ɗauko ruwa daga rafi ta san ba a cika bokiti har baki. Kullum in ya tafi makaranta sai in kwashe kofi biyar in zuba wa furannin Fatma. Kullum in ya dawo sai ya auna da yatsa, ya yi tagumi, ya cika abinsa. Na ji shi ta bango yana gaya wa Saratu wai tururin ruwan wankan jego ne ya sa ɗakin ya yi zafi ruwa ke ƙafewa. Mai digiri biyu ke nan.

Na tuna muna jefa ƙoƙo a bokiti don kada ruwa ya yi ta tangaɗi yana zuba. Na ɗauko ƙoƙon Gwaggo Ige na kifa a kan ruwan. Ya dawo ya gani, ya tsaya ya daɗe, bai taɓa ba. Ashe ya tambayi Saratu ko maganin baki ne na jarirai, ita kuma ja'irar ta ce masa, "Kayan tsofaffi ne, bar shi."

Da na ga ƙoƙo ya zauna lafiya sai na ƙara gaba. Na ɗauko majanyin nan na zagaya randar da shi ta sama, na ja bakinsa biyu na ɗaure a jikin bututun ƙarfen ɗumama ɗaki, irin ɗaurin da ake wa goyo in za a yi tafiya mai nisa. Fatma ta ja ta ji, ta karkata kai alamar da sauƙi dai, amma ba a gama ba. Shi kuwa da ya dawo ya ga randarsa da goyo, sai ya gaishe ni daga bakin ƙofa fiye da kullum. Daga baya na ji ya buga wa mahaifiyarsa waya a Gusau yana tambaya ko al'adar mutanen Bungudu ce a ɗaure kifi sai an yi arba'in.

Haka muka ci mako uku. Ina dariyarsa a ɓoye, amma wallahi duk lokacin da babbar mota ta wuce gilashin taga ya yi ƙara sai na waiwaya na dubi randar.

Ranar wata Asabar bayan la'asar, Saratu na banɗaki tana jiran ruwan wankan yamma. Na sauke tukunya daga kan gas tana tafasa, na riƙo ta da tsumma hannu biyu na fito. Takwara na barci a ƙasan randa. Mai Kifi ya shigo ɗaukar littafi, da ya ji tafiyata ya juya mini baya ya nufi baranda.

Sai na ji kamar jiri. Fitilar silin ta fara lilo. Kwanuka suka hau kaɗawa a kicin, ƙasa ta yi wani gurnani da ban taɓa jin irinsa ba. Na ga ruwan randar ya tafi gefe ɗaya ya dawo, ƙafafun teburin suna tafiya da kansu, majanyi ya miƙe ƙam yana ƙara. Ga tafasasshen ruwa a hannuna, in na saki ya bi ƙasa ya tarar da yarinya. Shi kuma ya daskare riƙe da ƙofa, ya ba mu baya.

To, ga shi zan rubuta, Allah ya yafe mini. Na buɗe baki da muryar da nake tsawata wa 'yan aji shida na ce, "Nasiru! Don ubanka ɗauki ɗiyar nan!"

Ban san mutum na iya tashi sama haka ba. Ya yi tsalle ɗaya ya sure ta ya mirgina ƙarƙashin teburin cin abinci. Bai gama mirginawa ba randar ta karkato. Majanyi ya riƙe ta, ba ta faɗo ba, amma tsirin duwatsun nan ya rushe ya daki gilashin gaba, kusurwa ta fashe, ruwa ya kwararo. Sai kuma komai ya tsaya cik, kamar ba a yi ba. Na duba hannuna, tukunya na nan, ko ɗigo bai zuba ba. Na ajiye ta a hankali, na zauna a cikin ruwan kifi ina salati.

Saratu ta fito da zani a ƙirji tana ihu. Fatma ta shigo da usur a wuya. Takwara kuwa sai a lokacin ta farka ta yi hamma. Muka bi kifaye a kan kafet muna tsinta da ƙoƙon Gwaggo Ige muna zubawa a bokitin wanka. Biyu sun riga mu gidan gaskiya.

Da aka natsu sai abin da na faɗa ya dawo mini. Na shige ɗaki na rufe ƙofa, na ce yau ko abinci ba zan fito ci ba. Can sai ga sallama. Mai Kifi ne ya durƙusa a bakin ƙofa, amma wannan karon bai gudu ba.

Ya ce, "Inna, Saratu ta gaya mini komai, da ruwan da ke ƙafewa da ƙoƙo da majanyi. Don Allah ki fito ki faɗa mini yadda za a yi. Da baki."

Na ce daga bayan ƙofa, "Ni da na gama zubar da mutuncina, mi ya rage? Je ka samo mai huda bango."

Mai gidan da ake ta tsoro, da aka tambaye shi izini, cewa ya yi me ake jira tun tuni. Washegari Lawali ya zo da bel irin na ɗaurin kaya a mota, ɗan Fatma ya zo da injin huda bango. Ni na zauna a kujera kamar shugabar leburori. Sabuwar randar rabin tsohuwar ce. Na ce a kai ta can lungu nesa da inda mutum ke kwanciya. Teburin zalɓe a fitar, a kawo gajere mai faɗin gindi, a kafe shi da bango da ƙarfe. A shimfiɗa soso a ƙarƙashinta, don kaya ba ya zama a kai sai da gammo. A zagaya ta da bel sama da ƙasa. Ruwa ya tsaya saura yatsa huɗu, murfi a maƙale shi. Wayoyin wuta a ɗaga su sama. Dutse kuwa in ya fi ƙwai girma ban yarda ya shiga ba. Duk abin da na ce sai ya ce, "To Inna," yana rubutawa a takarda. Takwara aka saya mata wata 'yar na'ura mai ƙarar ruwa, ta ci gaba da barcinta a ɗaki.

Bayan arba'in na kamo hanya. Na tsaya a Tsafe na mayar wa Gwaggo Ige majanyinta, ya yage har rabi. Ta duba ta ce, "Amma bai kwance ba ko?" Na ce bai kwance ba. Ta ce, "Awo."

Saura mai wuyar, gaida iyayensa a Gusau. Na shiga ina addu'a Allah ya sa labari bai riga ni ba. Mahaifinsa, Alhaji Dahiru, ya bari sai da na zauna aka kawo ruwa na kai kofi baki, sannan ya ce, "Malama, saƙonki ya iso. Tun daga Turkiyya aka ce kin ambace ni."

Ruwan ya sarƙe ni. Matan gida suka fashe da dariya, na ja mayafi har haɓa. Shi bai yi dariya ba. Ya ce, "Na karɓa da hannu biyu. Abu ɗaya ne ya ɓata mini rai, da kika bari sai da ƙasa ta motsa."

Gaskiya ya faɗa. Abin da ban gaya wa kowa ba a duk wuraren da na ba da labarin nan shi ne wannan. Ranar, bayan an gama tsintar kifi, ni na je ɗauke bargon takwara. Ya jiƙe sharkaf, ga fasassun gilashi a kai. A daidai ɗan lotsawar da kanta ya bari a kan matashi, nan na tarar da dutsen. Na ɗaga shi da hannu biyu.

Shi ne a kan tagata. Wadda ta ƙara tambayata tsarabar Turkiyya, ta shigo ta ɗaga shi ta ji nauyinsa.